Ƙwayar da ke tsayar da jinin mai jego, da dokar da ta sa ta a kulle

Wata ƙanwata a aiki, ungozoma a wani ƙaramin asibitin karkara, ta aiko mini da tambaya. Ta ce: "Anti, na ji an ce wata jiha a Amurka ta sa misoprostol a sahun ƙwayoyin da ake kullewa, wai don a hana zubar da ciki. To ai shi muke ba masu jego idan jini ya ɓalle. Amma ni a ganina, dokar da za ta hana ɓarna ba ta da laifi. Wa take cutarwa in ban da mai niyyar saɓo?"

Ƙanwata, abin da kika ji haka yake. Jihar Luwiziyana ce, can kudancin Amurka. Gwamnanta Jeff Landry ya sa hannu a kan dokar a watan Mayun 2024, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba na shekarar. Dokar ta ɗauki magunguna biyu, misoprostol da mifepristone (ƙwayar da ake haɗawa da shi wajen zubar da ciki), ta sa su a rukuni na huɗu na magungunan da hukuma ke sa wa ido saboda tsoron jaraba, wato sahu ɗaya da tramadol da diazepam. Duk wanda aka kama da su babu takardar likita yana iya shan ɗaurin da zai kai shekara 5, da tarar da za ta kai dala 5,000. An cire mai ciki daga wannan hukunci idan don kanta ta riƙe, amma ba a cire uwarta ko yayarta ko ƙawarta da ta riƙe mata ba. Ita ce jiha ta farko a ƙasar da ta yi haka. Ni da ke mun san babu wanda ya taɓa zama ɗan ƙwaya a kan misoprostol. Ba ya sa maye, ba ya sa barci. Abin da yake kawowa rawar sanyi ne da zazzaɓi da gudawa.

Kafin in soki dokar, bari in gaya miki tushenta, don masu goyon bayanta suna da abin da ya tunzura su. Sanatan jihar da ya kawo ƙudurin, Thomas Pressly, 'yar uwarsa aka zalunta. Mijinta, a jihar Tekzas, ya riƙa zuba mata misoprostol a ruwan sha ba ta sani ba, don ya zubar da cikin da ba ya so. Allah ya raya yarinyar, amma bakwaini aka haife ta, shi kuwa mijin kwana 180 kacal aka yanke masa. Wannan zalunci ne, hukuncin kuma ya yi kaɗan. Ƙudurin farko laifin ɗura wa mace magani ba da saninta ba ya nufa, kuma ban ga ma'aikacin lafiyar da zai ƙi wannan ba. Daga baya aka cusa masa batun kulle maganin. Likitocin jihar sama da 200 suka sa hannu a takarda suna roƙon a cire wannan ƙari, ba a saurare su ba.

Dalilin likitocin nan ke ma kin san shi da hannunki. Misoprostol asalinsa maganin gyambon ciki ne. Kamfanin Searle ya fito da shi da sunan Cytotec, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988. Sai aka lura yana sa mahaifa ta murɗa ta tsuke, yana kuma tausasa bakinta. Da wannan aiki guda yake tsayar da jinin mai jego da mahaifarta ta saki, da shi yake fitar da ragowar ɓari ba sai an kai ga wankin ciki ba, da shi yake tayar da naƙuda idan ciki ya wuce lokaci ko ɗa ya mutu a ciki, kuma da shi ne dai yake zubar da ciki. Ƙwayar ba ta san niyyar mai haɗiyarta ba. Allurar oksitosin ta fi shi ƙarfi wajen tsayar da jini, amma tana buƙatar firij da wanda ya iya allura. A garin da wuta kan yi kwana uku ba ta leƙo ba, ga zafin bazara, ƙwayar da za ta zauna a aljihun jaka ba ta lalace ba rahama ce. Shi ya sa Nijeriya ta yi masa rajista don zubar jini bayan haihuwa tun 2006, kafin ƙasashe da yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi a jerin magungunan da bai kamata a rasa su a asibiti ba. Masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello ma sun gwada raba shi a ƙauyukan kewayen Zariya ta hannun mutanen gari da ungozomomin gargajiya, saboda mata masu haihuwa a gida, suka nuna abin yana yiwuwa.

To me ya faru a Luwiziyana da dokar ta fara aiki? A ɗakunan haihuwarsu akwai ɗan keken da ake jera kayan tsayar da jini a kai, ana turo shi gefen gado da zarar an ga alama. Asibitoci suka kwashe misoprostol daga kan keken suka mayar da shi akwatin kulle mai lambar sirri, don haka ƙa'idar wannan rukuni take. Har aka ba da labarin ma'aikatan jinya suna gwajin gudu daga gado zuwa akwatin ana duba agogo. A ƙarshen ciki, jinin da ke ratsa mahaifa ya kai rabin lita ko fiye a kowane minti. Ke da kika taɓa durƙusawa cikin jinin mace kina murza mata mara kina kwaɗa kira a miƙo miki magani, ba sai na gaya miki darajar minti biyu ba. Babban asibitin birni yana da hannuwa da yawa, zai san yadda zai yi. Ƙaramin asibitin ƙauye mai nas biyu a aikin dare shi zai ji a jikinsa. Kuma mata ba sa shiga ɗakin haihuwa da haɗari iri ɗaya. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC na 2021 sun nuna a cikin kowace haihuwa 100,000 a Amurka, mata baƙaƙen fata 69.9 ne suka mutu, farare kuwa 26.6. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Luwiziyana baƙaƙen fata ne, jihar kuma tana cikin waɗanda talauci ya fi yi wa katutu. Kin ga tun ba mu zo kan mai zubar da ciki ba, mun riga mun sami wadda abin ya shafa: matar aure mai haihuwar ɗanta na sunna a asibitin da ba shi da ƙarfi.

Yanzu mu zo kan wadda aka yi dokar dominta. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin 1973 da ya kare zubar da ciki a faɗin ƙasar, ta bar wa kowace jiha ta yi dokarta. Luwiziyana ta haramta shi kusan gaba ɗaya tun a lokacin. Sai dai asibitin da ake rufewa yana da ƙofa, ƙwaya kuwa a ambulan take zuwa ta gidan waya. Cibiyar bincike ta Guttmacher ta ƙiyasta cewa a 2023 kashi 63 cikin 100 na zubar da cikin da aka yi ta hannun ma'aikatan lafiya a Amurka da magani aka yi. Don haka aka koma farautar ƙwayar da mai miƙa ta. Mai kuɗi wannan bai dame ta ba. Za ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta hau jirgi zuwa jihar da doka ta yarda, ta ga likita, ta kwana a otal, ta dawo ranar Litinin babu wanda ya sani. Wadda ke aikin da ake biya a kan awa, ba ta da mota, ba ta da mai riƙe mata yara, ko baƙuwa ce da ba ta da takardun zama tana tsoron shingen jami'ai a hanya, ita ce za ta nemi ƙwaya ta intanet ko ta hannun wata, ita ce kuma za ta bar sawu.

Ga misali daga jihar Fensilbaniya, tun kafin wannan hukunci. Wata uwa mai aikin kula da tsofaffi, 'yarta mai shekara 16 ta yi ciki. Asibitin da ya fi kusa da su yana da nisan kusan kilomita 120, yarinyar kuma ba ta da inshorar lafiya. Uwar ta sayi maganin ta intanet. Da yarinyar ta ji ciwo suka tafi asibiti suka faɗi gaskiya, daga nan maganar ta kai ga hukuma, a 2014 aka tura uwar gidan yari. A Indiyana, wata mata 'yar asalin Indiya ta je asibiti tana zubar da jini, a 2015 aka yanke mata shekara 20, sai a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta soke babban laifin, bayan ta riga ta sha zaman kurkuku. A Luwiziyana kanta, a watan Janairun 2025, an tuhumi wata likita da ke Niyok da aika magani, tare da wata uwa da masu gabatar da ƙara suka ce ita ta tilasta wa 'yarta sha. Gwamnar Niyok, Kathy Hochul, ta ce ba za ta miƙa likitar ba, dokar jiharta ta kare ta. Uwar ce ta shiga hannu. Idan ta tabbata tilastawa ta yi, ta yi laifi, ba na kare ta. Abin da nake so ki lura da shi shi ne wanda hannun doka ya iya kaiwa gare shi da wanda bai iya ba.

Akwai wani abu na aikinmu da masu rubuta irin waɗannan dokoki ba sa zama su yi tunani a kansa. Ɓarin da Allah ya kawo da wanda aka jawo da ƙwaya kamanninsu ɗaya ne: ciwon mara, jini, gudaji, buɗewar bakin mahaifa. Maganinsu ma ɗaya ne. Gwajin jini da fitsarin da ake yi a asibiti ba ya raba su. Ɓari kuma ba baƙon abu ba ne, tsakanin ciki 1 cikin 10 zuwa 1 cikin 5 da mace ta san tana ɗauke da shi a haka yake ƙarewa. To idan jiki bai ba da shaida ba, daga ina shaida za ta fito? Daga bakin matar, ko daga wayarta, ko daga zaton wanda ya duba ta. A Nebraska, a 2022, da saƙonnin Facebook tsakanin uwa da 'yarta 'yan sanda suka gina ƙara. Wata ƙungiyar lauyoyi mai suna If/When/How ta tattara shari'o'i 61 a jihohi 26 tsakanin 2000 da 2020, na mutanen da aka bincika ko aka kama kan zubar da ciki a gida ko taimaka wa mai yi. Sun gano cewa ma'aikatan lafiya ne suka fi kai rahoto, sai makusanta, kuma da yawa daga waɗanda aka gurfanar ba su da kuɗin ɗaukar lauya. Zato kuwa ba ya faɗawa kan kowa daidai. Matar da ta zo da miji da mota da katin awo, ana ce mata sannu, Allah ya mayar da alheri. Yarinyar da ta zo ita kaɗai da silifa, ba ta iya bayani ba, ita ake kallo ta gefen ido.

Idan kina son ganin inda wannan hanya ke kaiwa bayan shekara talatin, ki dubi Birazil, don a can aka fara wannan wasan. An shigo da Cytotec ƙasar a 1986, ana sayar da shi a kemis ba takarda. A jikin kwalin an rubuta gargaɗi cewa kada mai ciki ta sha. Matan unguwannin talakawa suka karanta gargaɗin suka fahimci abin da yake nufi, labari ya bazu daga baki zuwa baki. Dokar ƙasar ta 1940 ta haramta zubar da ciki, da ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ga matar da ta yi wa kanta, kuma kafin zuwan ƙwayar da tsinke da roba da guba ake yi. Likitocin asibitocin gwamnati suka fara lura da wani canji: matan da ke zuwa da rabin ɓari ba su ragu ba, amma masu zuwa da ruɓewar mahaifa da hudajjen hanji sun ragu. Gwamnati ta tsaurara sayar da shi a 1991, a 1998 ta mayar da shi na asibiti kaɗai, sayar da shi a waje ya zama babban laifi. Maganin bai ɓace ba. Ya koma kasuwar bayan fage, farashinsa ya ninka, jabu ya cika gari, a wasu unguwanni ma a hannun masu sayar da miyagun ƙwayoyi ake samunsa. Matar da ba ta da kuɗi sai ta yi makonni tana tara na saye, cikin yana girma, haɗarin yana ƙaruwa. Ta saya babu mai gaya mata yadda ake amfani da shi, ko alamar da za ta gani ta ruga asibiti. In ya zama jabu ne ta sake jira. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Da ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi na jihar Riyo ya duba fayilolin matan da aka gurfanar kan wannan laifi, sai ya tarar yawancinsu baƙaƙen fata ne, talakawa, iyayen yara, waɗanda ba su taɓa shiga hannun hukuma ba, kuma da dama daga asibitin gwamnati aka kai ƙararsu. Masu zuwa asibitin kuɗi a unguwannin attajirai ba su cika fitowa a irin wannan fayil ba. Sai a 2023 wata babbar kotun ƙasar ta yi watsi da wata shari'a saboda likitan da ya duba matar shi ya kira 'yan sanda ya kuma ba da shaida a kanta, kotun ta ce ya ci amanar sirrin majinyaci.

El Salbado ta fi haka tsanani. Tun 1998 ta haramta zubar da ciki a kowane hali, har don ceton ran uwa. Mata da suka yi ɓari ko suka haihu su kaɗai a gida jaririn ya mutu, an tuhume su da kisan kai. Wata 'yar ƙauye da ba ta iya karatu ba, da aka sakaya sunanta da Manuela, an kai ƙararta daga gadon asibiti a 2008, aka yanke mata shekara 30, ta rasu a tsare a 2010 da ciwon daji. A 2021 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta ce ƙasar ta zalunce ta.

Mu dawo gida, don mu ma muna da tamu dokar, kuma yawancin ma'aikatan lafiya ba su taɓa karanta ta ba. A Arewa, sashe na 232 na kundin Penal Code ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 14, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya jawo wa mace ɓari da gangan, sai dai in an yi da kyakkyawar niyya don ceton ranta. A Kudu, kundin Criminal Code ya raba abin uku: sashe na 228 shekara 14 ga mai yi, na 229 shekara 7 ga matar, na 230 shekara 3 ga wanda ya samar da magani ko kayan aiki yana sane. Duka kundayen biyu gadon mulkin mallaka ne. Na Arewa ya biyo ta Sudan daga kundin da Turawa suka rubuta wa Indiya a 1860, lokacin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, balle ƙwayar da muke magana a kanta. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da jagora kan yanayin da doka ta yarda a kawo ƙarshen ciki, amma ki tambayi abokan aikinki mutum nawa suka taɓa ganinsa. Jihar Legas ta fitar da nata a 2022, ba a jima ba gwamna ya dakatar da shi saboda hayaniyar da ta biyo baya.

A nan ba kasafai ake gurfanar da mace a kotu ba. Dokar tamu da tsoro take aiki. Guttmacher ta ƙiyasta zubar da ciki miliyan 1.25 a Nijeriya a 2012, ta kuma ce mata kusan 212,000 sun sami kulawar asibiti saboda matsalar da ta biyo baya, wasu 285,000 sun sami matsalar ba su sami kulawa ba. Wannan adadi na biyu shi ke hana ni barci. Su wane ne? Ba 'yar alhajin da ake kai wa asibitin kuɗi a wani gari a ce ta je ganin goggonta ba. 'Yar aiki ce da mai gida ko ɗansa ya yi wa ciki, 'yar talla ce da aka ja cikin kango, yarinya ce a sansanin gudun hijira, bazawara ce da aka yi wa alkawarin aure, wani lokaci matar aure ce da ke goyon ɗan wata biyar ga shi miji ya tafi ci-rani bai aiko ba. Su ne ke shan kanwa da bula da saiwoyi, ko su sayi ƙwaya biyu a kemis, mai shagon ya miƙa ta ƙarƙashin kanta ba tare da kalma ɗaya ta bayani ba, don shi ma yana tsoron a ce shi ya koya mata. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 82,000 ne suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, zubar jini kuma yana kan gaba a cikin dalilan. A ƙasa irin wannan, ga yawancin matan Arewa maso Yamma suna haihuwa a gida, duk wanda ya zo da shawarar a kulle misoprostol kamar yadda Luwiziyana ta yi, sai a fara tambayarsa mai jego nawa ya yarda a rasa.

Na san abin da ke ranki, don kin ambaci saɓo. Ni ba malama ba ce, ba zan ba ki fatawa ba. Mazhabar Malikiyya da muke bi tana da tsanani a kan zubar da ciki tun farkonsa, wasu mazhabobin sun yi sassauci kafin kwana 120 idan akwai uzuri, kuma malamai sun yarda a ceci uwa idan ranta na cikin haɗari. Mutum zai iya riƙe cewa abu haramun ne, ya yi wa'azi a kai, ya tarbiyyantar da 'ya'yansa a kai, kuma duk da haka ya tambaya ko ɗan sanda a bakin ɗakin haihuwa yana rage abin ko yana ƙara gawa. A abin da na gani da abin da ya faru a Birazil, gawa yake ƙarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2022, ta ba da shawarar a fitar da batun daga dokokin manyan laifuka saboda wannan dalili. Akwai kuma maganar adalci. Ciki mutum biyu ke yinsa, amma a jikin mutum ɗaya shaidar take. Ki tuna Amina Lawal, da kotun Bakori ta yanke wa hukuncin jifa a 2002 saboda ta haihu ba aure, mutumin da ta ambata ya rantse aka sallame shi, ita kuma sai a watan Satumban 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke ta. 'Yar ƙauye ce, ba ta da lauya a zaman farko. Addinin da ya koya mana rufin asiri da kawar da haddi idan akwai shubuha bai koya mana leƙen zanin mace mai zubar da jini ba.

Zan gaya miki wani abu da ban cika faɗa ba. Ina sabuwar ungozoma, wani dare aka kawo mana yarinya da ba za ta wuce shekara 16 ba, wata maƙwabciya ta riƙo ta. Jikinta zafi rau, cikinta ya yi tauri, warin kuwa tun daga ƙofa. Kafin in auna ta, kafin in sa mata ruwa, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne: "Me kika sha? Wa ya ba ki?" Da tsawa na faɗa, a gaban mutane. Ta juya fuskarta bango ta ce al'ada ce ta zo mata da yawa. Muka ɓata sa'o'i muna bin wannan ƙaryar da ni na tilasta mata yi. Sai da asuba maƙwabciyar ta ja ni gefe ta ce kwana huɗu ke nan, da ƙwayar ta ƙi aiki sai aka kai ta wurin wata mata ta sa mata abu, kuma ta ƙi zuwa asibiti don an ce mata za a kira 'yan sanda, uwar ɗakinta kuma za ta kore ta. Ta rayu, amma an cire mata mahaifa. Babu ɗan sandan da ya zo, babu wanda ya yi niyyar kira. Tsoronsa kaɗai ya cinye mata kwana huɗu, ni kuma na ƙara mata dare guda. Wanda ya yi mata cikin ban taɓa jin sunansa ba.

Ga abin da ke hannunki ke. Kula da matar da ta zo da rabin ɓari aiki ne halastacce a Nijeriya, ko mene ne sanadinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana a ƙi ba da taimakon gaggawa ga kowa, sashe na 26 kuma ya wajabta riƙe sirrin majinyaci. Ki auna, ki sa ruwa, ki tsayar da jini, sannan ki ja labule ki tambaya a hankali ke da ita. Abin da kike buƙatar sani a matsayinki na ungozoma shi ne ko an sa wani abu a cikin mahaifa, saboda huda da ruɓa da tetanus, da ranar da jinin ya fara. Ki gaya mata dalilin tambayar, ki gaya mata maganar a nan za ta tsaya. Abin da za ki rubuta a kati shi ne abin da kika gani da abin da kika yi, ban da zatonki. Kada ta bar asibitin sai kun yi maganar tazarar haihuwa, idan kuma alamu sun nuna fyaɗe ne ko wani ke ɗura mata magani, ki nema mata taimakon da ita ta yarda da shi.

Idan kin shiga aiki daren yau, ki duba misoprostol ɗinku. Ki tabbatar takardar azurfar da aka naɗe shi ba ta huje ba, don danshi yana kashe ƙarfinsa, ki duba ranar ƙarewarsa. Ki ƙirga taku nawa ne daga gadon haihuwa zuwa inda yake, ki kuma tambaya a hannun wa mabuɗin yake kwana.